Ƙashin da Kowa Ya Lasa

Baƙon da ya zo daga Saragosa ne ya fara ganewa. Masana sun taru a ɗakin bincike na gidan tarihin Vila da Fraga. Doutora (wato Dakta) Benedita Calado tana tsakiyar bayani, ta jawo durowa, ta ɗauko ƙashin idon sawun dinoso, irin ƙaton ƙadangaren nan na zamanin da, ƙashin da aka shekara ana surutu a kansa, ta miƙa masa da hannu biyu. Mutumin ya jinjina shi a tafinsa, ya ɓata fuska, ya ɗora harshe a kai.

"Wannan roba ce," in ji shi.

Kafin Sufeto Horácio Valadas ya iso, aikin gama ya gama. Ya tarar da abin a kan tebur, ga shi kamar ƙaton dunƙulen burodi, an shafa masa fenti ruwan ƙasa.

"Wa ya taɓa shi?"

"Kowa," in ji shugabar gidan tarihin.

"Da hannu?"

Matar ta sunkuyar da kai. "Da hannu. Da harshe kuma."

Valadas ya zaci wasa take yi. Ba wasa ba ne. Aka yi masa bayani cewa ƙashin da ya zama dutse yana da ƙananan ƙofofi, in ka ɗora masa harshe sai ya kama. Dutsen banza ba ya kamawa, roba ma haka. Duk mai wannan sana'a da harshe yake fara bincike. Da baƙon ya yi maganarsa, sai abin ya zaga ɗakin hannu zuwa hannu, baki zuwa baki.

Valadas ya daɗe yana aikin 'yan sanda, ya ga shaidar da aka taka, ya ga wadda aka wanke, amma bai taɓa ganin wadda daktoci suka taru suka lashe ba. Takaici ya ishe shi. Ya sa abin a leda, ya ce duk wanda ya lasa ya zo a ɗauki yawunsa, ko masu gwaji sa tsinci wani abu a cikin wannan ƙazanta.

Benedita na zaune a ofishinta, fuska a kumbure. Jami'ar da take wa aiki ta riga ta dakatar da ita. Kwamitin ladabtarwa zai zauna ƙarshen mako, kuma in ba a ga ƙashin gaske ba, hukuncin a bayyane yake: ta ƙirƙiri shaida. Wanda aka liƙa wa wannan tambari a sana'arsu, ko share ɗakin bincike ba mai ba shi.

"Doutora, ki yi mini bayani kamar ɗan firamare. Me ƙashin nan yake da shi?"

Ta tashi ta zana bishiya mai rassa a allo. "Dinoso masu cin nama gida-gida ne, Senhor Sufeto. Wannan reshen gidan Allosaurus. Wannan kuma gidan Megalosaurus, a nan Torvosaurus yake. Tun ina ɗaliba a jami'a Farfesa Seixas ya tono haƙora da 'yan ƙasusuwan baya a gaɓar teku. Ya ce sabuwar dabba ce daga gidan Allosaurus, ya raɗa mata suna Fragasaurus gracietae."

"A rage Latin."

"Shi ke nan Latin ɗin. Bara gaɓar ta zaftare, sauran dabbar ta fito, har da ƙafa. Ƙashin idon sawu yana da wani tsini da ke hawa gaban ƙwauri. Na 'yan gidan Allosaurus dogo ne. Wannan gajere ne, irin na ɗaya gidan."

"Ma'ana?"

"An kai dabbar gidan da ba nata ba. Torvosaurus ce. A dokarmu kuma sunan da ya riga shi ne mai gida, don haka Fragasaurus ya faɗi."

"Ba ki da hotuna?"

"Ina da su. Kwamiti ya ce ai roba ma tana yin hoto."

"Makullin ɗakin fa?"

"Ni, da Zeferino mai gyaran ƙasusuwa, da Farfesa."

"Kin lasa?"

"Ni ce ta biyu." Ta koma ta zauna. "Ina ta addu'a ya kama."

Valadas ya fito yana tsaki. Mai ƙirƙirar shaida ba ya tara ɗaki guda na masu lashe-lashe ya miƙa musu ƙaryarsa da hannunsa. Amma wannan hankali ne kawai, kwamiti kuwa ƙashi yake so.

Zeferino Pratas yana ƙasa a ɗakin aikinsa, ƙura ta yi masa fari har gira. Valadas ya ajiye ledar a gabansa.

"Kai ke yin kwafin ƙasusuwa a nan?"

"Ni ne."

"Wannan aikinka ne?"

Zeferino ya ɗaga ledar ga haske, ya dire ta kamar ya taɓa mushe. "Senhor Sufeto, ka kama ni in kana so, amma kada ka zage ni. Dubi kumfa a gefe. Dubi fenti, kamar an shafa da wutsiyar jaki. Ba a ko sa masa garin dutse ya yi nauyi ba. Je ka zauren baƙi ka ga kan Allosaurus ɗin nan. Nawa ne. Wani farfesa daga Jamus ya yi rabin yini yana auna shi kafin a gaya masa."

"To daga ina wannan ya fito?"

"Daga mazubina." Ya nuna kanta. "Kowane ƙashi mai muhimmanci ina yi masa mazubi kafin masana su fara murza shi. Yana nan a fili. Duk mai makulli zai iya dama roba ya zuba."

"Kai ka share ƙashin gaske da hannunka. Ka gaya wa kwamiti?"

"Na gaya musu. Suka ce ai ni ne mai mazubi, wataƙila tare muka yi. Shaidata ta zama laifina."

"Ka lasa?"

"Ni ne na huɗu. Na san roba ce tun daga nesa, amma hannu ya riga ya kai baki."

Valadas ya hau bene yana juya maganar. Wanda ya zuba robar nan bai yi ta don ta yaudari kowa ba. Ya yi ta ne don a gane, a gaban baƙi kuma. Ɓarawon da ke son ƙashi ya ɗauka ya gudu ne. Wannan so yake a ce ƙashin bai taɓa wanzuwa ba.

Farfesa Amílcar Seixas ya yi ritaya, amma ba wanda ya iya karɓe masa ofis ko makulli. Dogo ne, siriri, da taye ko a bakin teku. Ya nuna wa Valadas kujera kamar ɗalibin da ya makara.

"Abin baƙin ciki ne. Yarinyar nan a hannuna ta tashi."

"An ce kai ka fara yi mata magana a ɗakin."

"Na ce, Benedita, me kika yi? Me kake so in ce?"

"Ka taɓa ganin ƙashin gaske?"

"Ta nuna mini wani abu a durowa. Ban duba ba. Ba na ɓata lokaci a kan gaggawar yara."

"In maganarta ta tabbata, sunan da ka raɗa ya faɗi."

"Sunaye na faɗuwa kullum, Senhor Sufeto. Ilimi ke nan."

Valadas ya zaro tsinken auduga. "Buɗe baki, Senhor Farfesa. Duk wanda ya lasa muna ɗaukar yawunsa."

Seixas ya ja baya. "Mayar da abinka. Ni ban lasa ba."

Valadas ya mayar. Ya ma ji daɗi, ko ba komai an samu mutum ɗaya mai hankali a ginin.

Kwanakin da suka biyo baya sun tafi a banza. Masu gwaji suka aiko da amsa cewa yawun mutane ya cakuɗe, ba abin da za su iya cewa, kuma wani a cikinsu ya ƙara da tambayar ko shaida ce aka aiko musu ko alawa. Na'urar ɗaukar hoto ta gidan tarihin ƙofar shiga kawai take kallo, kuma masu makullin duk suna shiga kullum. Shugaban Valadas ya buga waya ya ce ya rufe fayil, ƙashin ƙadangare ba gawa ba ce. Valadas ya kashe wayar, ya zagi ƙadangaren har kakansa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne Benedita. Kullum ya wuce sai ya gan ta a shagon kofi na tsallaken titi, tana kallon ginin da aka hana ta shiga.

Saura mutum ɗaya bai gani ba. Ti Anacleto, tsohon masunci, shi ya fara hango ƙafar bayan zaftarewar gaɓa, kuma an taɓa kama shi yana sayar wa 'yan yawon buɗe ido haƙoran dinoso. Valadas ya same shi da hantsi a bakin ruwa yana ɗinkin raga.

"Ti Anacleto, an ce hannunka ya saba da kayan gidan tarihi."

"Ɗana, wannan tsohon zance ne, na biya tara na tuba. Kuma ka yi tunani. A durowar nan akwai haƙori kamar wuƙar fawa, akwai farce ya fi tafina. In bar su in ɗauki idon sawu? Wa zai saya? Wa zai ajiye dunƙulen burodi a falonsa?"

"Ba ka da makulli?"

"Makullin gidana ma matata ke riƙewa."

Suna cikin haka sai ga Farfesa Seixas yana tafe a kan yashi da sandarsa, kamar yadda ya saba kowace safiya. Ti Anacleto ya laluba aljihu.

"Senhor Farfesa, ga wani na tsinta jiya."

Seixas ya karɓi ɗan baƙin dutsen. Yana gaida Valadas, bai ko katse gaisuwar ba, ya kai shi baki ya ɗora harshe. "Dutse ne," ya ce, ya jefar. Ya yi taku kaɗan, ya sunkuya ya ɗauki wani da kansa, ya lasa, ya sa a aljihu ya wuce.

Ti Anacleto ya tuntsire da dariya. "Ka gan shi? Rabin gaɓar nan ta bi ta bakinsa. Marigayiya Dona Graciete takan ce ranar aurensu sai da ta riƙe masa hannu, don kada ya lashi dakalin coci."

"Wa ka ce?"

"Dona Graciete, matarsa. Ai sunanta ya sa wa dodon. Tana asibiti aka buga takardar binciken da ke ɗauke da sunan, ya kai mata ta gani da idonta. Ba ta ƙara wata ba. Matar kirki, duk ɗalibansa miyar kifinta ta raine su, har ita Doutora."

Valadas ya tsaya yana kallon bayan tsohon har ya ɓace a kwanar dutse. Haushin kansa ya kama shi. An ba shi amsar tun ranar farko, shi kuwa ya mayar da tsinkensa aljihu yana murna.

Washegari kwamiti zai zauna. Da yamma ya ɗauki Benedita, ya ce ta zauna a mota sai ya kira ta, ya ƙwanƙwasa ƙofar Farfesa. Falon cike yake da littattafai da duwatsu. Hoton wata mace mai dariya na kan teburin.

"Tambaya ɗaya ta rage, Senhor Farfesa. Me ya sa ba ka lasa ba?"

"Wannan wace irin tambaya ce?"

"Zeferino ya san roba ce tun daga nesa, amma ya lasa. Doutora ta lasa. Baƙi sun lasa. Ɗazu da hantsi na ga ka lashi tsakuwa biyu kana gaishe ni. Sai ga ƙashin da zai rusa aikin rayuwarka, an ce na ƙarya ne, yana zagaya ɗaki, ya zo hannunka ka miƙa gaba. Kai da ya fi kowa buƙatar ya tabbatar."

"Na yarda da maganar baƙon."

"Kai? An ce ko littafin da ka rubuta da kanka ba ka yarda da shi sai ka sake dubawa. Ba ka lasa ba don ka riga ka san amsar. Kai ka dama robar. Ka yi ta da gangan ba nauyi, don hannu na farko ya gane. Da Zeferino ne ya yi, da har yanzu tana durowa ana yi mata hoto. Da Doutora ce ta yi, da ba ta miƙa ta ba. Makulli uku ne."

"Wannan ba hujja ba ce."

"Ba hujja ba ce," in ji Valadas, ya miƙe yana gyara riga. "Shi ya sa ba kama ka na zo yi ba. Na zo in gaya maka abin da zan rubuta. Zan ce a ganina an jefa ƙashin a teku daga kan gaɓa, ko an farfasa shi da guduma an zuba a shara. Haka masu irin wannan laifi ke yi."

Jini ya hau fuskar tsohon. Ya buga sanda a ƙasa. "Guduma? Ƙashin da ya kwana shekara miliyan ɗari da hamsin a ƙasa bai fashe ba? Wane irin jahili ka ɗauke ni? Ko ƙwarzane babu a jikin…"

Nan ya gane ya tona kansa. Valadas ya koma ya zauna.

Can Seixas ya tashi a hankali, ya buɗe kabad ɗin da ke ƙarƙashin littattafai, ya fito da akwatin katako. Ƙashin na ciki, an yi masa shimfiɗar soso daidai jikinsa, an kula da shi fiye da yadda gidan tarihin ya taɓa yi.

Valadas ya leƙa taga ya yafito Benedita. Ta shigo, ta ga akwatin, ta dafa bango. Ta ɗauki ƙashin, kuma kafin Valadas ya ce kada, ta ɗora harshe a kai. Ya kama. Hawaye suka zubo mata.

"Senhor Farfesa," ta ce, "ni ce fa."

"Na sani." Bai ɗago ba. "Na yi zaton za su ja miki kunne ne kawai. Da na ga abin ya girma, na rasa ta inda zan dawo da shi. Ba don kaina na yi ba, Benedita. Fragasaurus ya faɗi, ya daɗe bai faɗi ba. Amma in dabbar nan Torvosaurus ce kamar sauran, sunan Graciete ya tafi tare da shi. Ba mu haihu ba. Abin da na iya bar mata ke nan."

"Wa ya ce maka kamar sauran take?"

Ya ɗago.

Ta juya ƙashin, ta nuna masa bayansa. "Ka ga wannan kwarmin? Na je Amurka na duba nasu, na duba na nan ƙasar. Babu mai shi. Gidan Torvosaurus take, amma jinsinta daban. Sunan gida ne kawai zai canza, sunanta na kanta yana nan. Torvosaurus gracietae. Shi ne shafi na gaba a bayanina. Na ɓoye ne don in faɗa a gaban baƙi kana zaune."

Tsohon ya ƙura wa kwarmin ido, ita kuwa ta ci gaba.

"Haƙoranka da ƙasusuwan baya ba su isa su riƙe suna ba, kai ma ka sani. Da ma ana shirin jefa shi cikin sunayen da ba su da tabbas. Wannan kwarmin kaɗai ke riƙe da Dona Graciete. Yana cikin kabad ɗinka duk kwanakin nan, ba ka juya shi ba?"

"Tsinin kawai nake kallo," in ji shi.

Valadas ya karɓi ƙashin ya mayar akwati ya rufe. Ya ci nasara, amma ko kaɗan bai ji daɗinta ba. Haushi yake ji, na tsohon, na yarinyar da ɓoye-ɓoyenta, na sana'ar da mutane ke lasar duwatsu amma ba sa iya yi wa juna magana.

"Ɗauki kwat ɗinka, Senhor Farfesa. Za ka ba da bayani a ofis, gobe kuma ka maimaita shi a gaban kwamiti."

Seixas ya sa kwat, ya gyara taye. A bakin ƙofa ya juyo.

"Benedita. Za ki bar sunan? Bayan wannan?"

"Ba ni da ikon cire shi, doka ce. Da ina da iko ma ba zan cire ba, ita ba ta yi mini komai ba." Ta share fuska da bayan hannu. "Amma a takardar binciken da zan buga akwai wurin da na gode maka. Wannan ina da ikon cirewa."